Saura mako bakwai aurena, ni kuwa na maƙale a Eritiriya

Amaryar Gobe ta rubuta:

Salama a gare ku 'yan'uwa. Na jima ina leƙowa nan ina karanta naku ban taɓa tofa nawa ba, yau dai tura ta kai bango.

Saura mako bakwai a ɗaura mini aure. Na gode da murnar tun kafin ku yi, amma ku ɗan saurare ni tukuna. A watan Janairu mu tara muka haɗa wani ƙaramin rukunin addu'a domin ƙasashen duniya. Tsarin ba wuya: kowane mako ƙasa guda, kowa da rabin awarsa a rana. Ni na ɗauki biyar zuwa biyar da rabi na asuba, da bakina na zaɓa, ba wanda ya ɗora mini. In mutum ya gama nasa sai ya tura alamar nan ta hannu biyu a haɗe a rukuninmu na WhatsApp, sauran su san an yi. A kan Markus 11:17 muka kafa abin, inda Yesu ya tuna wa masu ciniki a Haikali cewa gidan addu'a ne domin dukan al'ummai, da kuma 1 Timoti 2, inda Bulus ya ce a yi roƙo domin dukan mutane da masu mulki. Sa'ad da na yi alkawarin ba a tsai da ranar aurena ba tukuna.

Wata biyar ban yi fashi ko sau ɗaya ba, kuma ba don tilas ba, daɗin abin nake ji. Ina da littafin rubutu mai shuɗin bango, kowace ƙasa shafi biyu: babban birninta, wanda ke mulkinta, halin da ikkilisiya take ciki, sai roƙo uku da zan riƙe har mako ya ƙare. A makon Japan na san cewa cikin mutum ɗari da ƙyar ake samun Kirista ɗaya. A makon Turkiyya na gano ashe Antakiyar da girgizar ƙasa ta ragargaza ranar 6 ga Fabrairu 2023 ita ce dai Antakiyar Ayyukan Manzanni 11, inda aka fara kiran almajirai Kirista. Ranar sai da na zarce lokacina da minti ashirin ban ma sani ba.

Yanzu rukuni ya yi Haiti, ya yi Yaman, yana Nepal, ni littafina yana nan tsaye a Eritiriya mako uku ke nan. A shafin hagu akwai rubutuna na da: Asmara. A Mayu 2002 gwamnati ta rufe duk majami'un da ba na Otodoks ko Katolika ko Lutheran ba. Akwai fastocin da aka kama tun 2004, sun haura shekara 20 a tsare ba a taɓa kai su gaban alƙali ba. Wasu a kwantenar ƙarfe ake kulle su. A shafin dama kuma, da yake shi ne takarda mafi kusa da hannuna ranar da tela ya kira, awon ƙawayena shida ne, kafaɗa da ƙugu da tsawo. Ƙasa da wannan lambar mai hoto. Ƙasa da wannan sunayen mutum goma sha ɗaya da aka manta ba a kai musu kati ba.

Ranar Talata ƙararrawar waya ta tashe ni, na durƙusa a bakin gado, na fara da kyau: "Ya Uba, ka tuna da 'ya'yanka da ke cikin kwantena, da rana ƙuna, da dare sanyi..." Ban kai ƙarshen maganar ba zuciyata ta tafi kan kujeru. Waɗanda aka yi haya za su isa? In dangin ango suka zo da yawan da ake faɗa fa? Na janyo hankalina na sake farawa, sai zobe ya faɗo mini, an ce ya matse masa yatsa. Daga nan ban san me ya faru ba, farkawa kawai na yi shida da minti goma, goshina a kan katifa, gwiwoyina sun sage.

Sai na ɗauki waya na tura alamar.

Abin da ke cin raina ke nan. Wannan ne karo na huɗu da na tura ta ban yi addu'ar ba. Biyu daga ciki ko durƙusawar ma ban yi ba, daga kwance na tura na koma barcina. 'Yar'uwar da ke bi mini kuma ta amsa da "Amin, Allah ya ƙara ƙarfi." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na yi wa angon maganar sama-sama, ban gaya masa batun alamar ba, ya ce, "Allah ai ya san halin da kike ciki, bayan biki kya ci gaba." Mutumin kirki ne mai tsoron Allah, amma amsar ta zo da sauƙi har ta ba ni haushi. Mahaifiyata kuma ta ce idona ya zurma, in bar tashin asuba kada in shiga majami'a ranar kamar wadda ta tashi daga jinya.

To in na ajiye alkawarin har bayan biki, zunubi ne? Mai-Wa'azi 5 ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka kasa cikawa, ayar nan har cikin barci take bina. In kuma ba ajiyewa za a yi ba, ku da kuka bi ta wannan hanya yaya kuka yi? Kada ku lallashe ni, ku gaya mini gaskiya.

Uwar Biyar ta amsa:

'Yata, Allah ya sa albarka, ya kai mu ranar lafiya. Shekarata 33 da aure, na aurar da uku, saboda haka ciwon kan kujeru da kati na san shi ciki da bai.

Kin ce kada a lallashe ki, to shi ke nan. Magana biyu kika ƙulle a ƙulli ɗaya, ƙaramar kika ɗora a sama, babbar kika tura ƙasa. Barcin da ya sace ki a kan gwiwa bai dame ni ba. Bitrus da Yaƙub da Yohanna sun yi barci a Getsamani, Ubangiji yana dawowa yana tarar da su har sau uku, shi da kansa kuma ya ce ruhu ya yarda, jiki ne ba ƙarfi. Alamar nan da kike turawa ita ce abin gyara, kuma yau ba gobe ba. Ki koma Ayyukan Manzanni 5 ki karanta a hankali. Ba tsorata ki nake yi wai za ki faɗi matacciya ba, a'a, so nake ki lura da abin da Bitrus ya ce wa Hananiya: gonar ai taka ce kafin ka sayar, kuɗin ma a hannunka suke bayan ka sayar. Wato da ya kawo rabi ya ce rabi ne, ba wanda zai ce masa don me. Ya kawo wani kashi ya ce duka ne, nan ya faɗi. Rabin awar nan taki ce, ke kika bayar. In minti goma kike iyawa yanzu, ki kawo minti goma ki ce minti goma ne.

Bari in ba ki wani labari da na fara ji tun ina budurwa. A wani ƙauye a Jamus mai suna Herrnhut, a ƙasar wani basarake da ake kira Zinzendorf, ranar 27 ga Agusta 1727 maza 24 da mata 24 suka raba awoyin dare da rana a tsakaninsu, kowa ya ɗauki awa guda ta addu'a. Addu'ar nan ba ta yanke ba fiye da shekara 100, kuma daga wannan ɗan ƙauye ne a 1732 aka aika masu bishara zuwa tsibirin Saint Thomas wurin bayin da ke aikin gonaki. Masu wa'azi suna son labarin nan, sukan ba da shi don mu ji kunyar kanmu. Ni kuwa duk ranar da na ji shi tambaya ɗaya nake yi: wa ya yi addu'a shekara ɗari? Ba kowa. Matan nan 24 mutane ne kamar mu, akwai aure, akwai naƙuda, akwai jinya, kuma ƙasa ta rufe idon na farkon tun abin bai kai ƙarshe ba. Wutar ba ta mutu ba ne don duk wanda hannunsa ya gaji akwai wanda zai miƙa wa. Musa ma da hannuwansa suka yi nauyi a kan tudu, dutse aka jawo masa ya zauna, Haruna ya riƙe hannu ɗaya, Hur ya riƙe ɗaya har rana ta faɗi. Amma ba a kama wa mutum kayan da ya ce ba su yi masa nauyi ba. Mutanenki takwas suna can suna zaton biyar na asuba a tsare take, ashe mako uku ke nan ƙofar a buɗe.

Ni ma na yi irin taki, sai dai tawa a haihuwar fari ce. Lokacin ana yaƙin kudanci da arewacin Sudan, wanda bai ƙare ba sai 2005, na ɗauki azumin Alhamis domin ƙasar. Ina shayarwa azumi ya gagare ni, jiri yake kwasata kafin azahar. Maimakon in faɗa sai na ɓoye, wata biyu ina zuwa taron addu'a ina langaɓar da kai kamar mai azumi. Wata tsohuwa a cikinmu, ta riga mu gidan gaskiya yanzu, ta ja ni gefe bayan an tashi, ta dubi jaririn ta dube ni, ta ce, "Kawo Alhamis ɗin nan, in kin yaye ki zo ki karɓi abinki." Shekara ɗaya da rabi ta riƙe mini. Har yau in na ji an ambaci Sudan a labarai, ga shi tun Afrilun 2023 sun sake shiga wani yaƙin, fuskarta nake fara gani.

Batun angonki kuma, kada ki ga laifinsa. Rabin magana kika kai masa, ya ba ki rabin amsa. Mutumin da za ki kwana ki tashi da shi har mutuwa, gara ya san irin wannan kunyar taki tun yanzu.

Mai Tsaron Dare ya amsa:

Mama ta yi magana, ban isa in ja da ita a kan batun alamar ba. Amma 'yar'uwa, akwai gefen da ba a taɓa ba, ki yi haƙuri zan taɓa shi.

Me ya sa duk lokacin da lokaci ya ƙure, addu'a ce ake fara yankewa? Na karanta rubutunki sau biyu, ban ga inda kika ce kin rage ƙawaye daga shida zuwa uku ba, ko kin ce wa wani ya ji da maganar kujeru. Komai yana nan daram, rabin awar Eritiriya ce kaɗai ake neman inda za a ajiye ta. Ki yi lissafi: mako bakwai kwana 49 ne, rabin awa kullum ya ba da awa 24 da rabi. Yini guda ke nan cikin mako bakwai. Fastocin da kika rubuta a littafinki sun yi shekara 20.

A Luka 14, misalin babban biki, mutum uku suka ba da hujja. Na farko ya sayi gona, na biyu ya sayi shanun huɗa, dukansu biyu suka roƙa a ɗauke musu. Na uku ko roƙon bai yi ba, cewa kawai ya yi ya yi aure, ba zai iya zuwa ba. Aure ne kaɗai hujjar da mutum yake bayarwa ba tare da jin nauyi ba, don ya san ba wanda zai ƙalubalance shi. Na san kuma wani zai zo ya kawo Kubawar Shari'a 24:5, cewa sabon ango ya zauna gida shekara guda. A duba da kyau, maganar zuwa yaƙi ce da aikin hukuma, kuma bayan an yi auren ne. Ba a ce ya huta da addu'a ba.

Masu bishara Adoniram Judson da matarsa Ann an ɗaura musu aure ranar 5 ga Fabrairu 1812, ranar 19 ga watan suka shiga jirgin ruwa daga Amurka, a 1813 suka isa Bama, wato Myanmar ta yanzu. Mako biyu da aure. Ba cewa nake ki shiga jirgi ba, cewa nake mu rage tausayin kanmu.

Shawarata: matsalarki ba biyar na asuba ba ce, sha biyun dare ce. Ki duba ƙarfe nawa kike ajiye waya. In kika kwanta goma, biyar za ta same ki a farke.

Ɗan Kwaya ya amsa:

Ɗan'uwa Mai Tsaron Dare, da ganin lissafin nan naka ba ka taɓa shirya biki ba. Ranar da naka ya zo ka dawo nan ka gaya mana yadda ake kwanciya ƙarfe goma alhali gwaggo tana kira sha ɗaya da rabi tana tambayar me ya sa sunanta ya zo na biyu a kati. Amarya, Allah ya ba da sa'a, ki bi maganar Mama.

Malamar Makarantar Lahadi ta amsa:

Lissafin ɗan'uwa daidai ne, maganar waya ma na yarda da ita. Amma tunda an kawo Judson, a ƙarasa labarin. Ann ta rasu a Bama a 1826 tana da shekara 36, ba ko ɗaya cikin 'ya'yanta da ya rayu ya girma. Ita ta zaɓi hanyar da idonta buɗe, shi ya sa muke girmama ta. Akwai kuma wadda ba a cika ambata ba. William Carey, baduku ne mai gyaran takalma a Ingila, ya manna taswirar duniya a bangon shagonsa yana rubuta yawan mutanen kowace ƙasa da addininsu, yana aiki yana dubawa. Kusan irin littafinki mai shuɗin bango. A 1793 ya tafi Indiya aikin bishara. Matarsa Dorothy da farko ta ƙi zuwa, daga baya aka shawo kanta. Shekara guda da isarsu ɗansu mai shekara biyar ya mutu, hankalinta ya taɓu, ba ta warke ba har ta rasu a 1807. Ba ina rage darajar aikin Carey ba ne. Amma duk ranar da na koyar da labarinsa nakan tuna cewa mutum yana iya ɗauke da duniya a ƙirjinsa, na kusa da shi kuma yana nutsewa.

Shi ya sa ban ga shirin aure a matsayin abin da ke satar lokacin Allah ba. Bulus bai ɓoye ba a 1 Korintiyawa 7: marar aure hankalinta a kan al'amuran Ubangiji yake, matar aure kuwa hankalinta ya rabu, tana tunanin yadda za ta faranta wa mijinta. Bai kira shi zunubi ba, yadda abin yake ya faɗa. A Kana ma, mu'ujizar farko da Yohanna ya rubuta, ba makaho aka buɗe wa ido ba, iyalin da kayan biki suka yanke musu aka rufa wa asiri, randunan dutse shida aka cika. Ubangijin da ya damu da wannan ba zai raina kujerunki ba.

Abin da nake so ki yi tunani a kai ya wuce mako bakwai ɗin nan. Alkawarin Janairu budurwa ce ta yi shi, mai ɗakinta ita kaɗai, mai iko da asubarta. Nan da wata biyu wannan budurwar babu ita. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ki duba Akila da Biriskila: sau shida aka ambace su a Sabon Alkawari, ko sau ɗaya ba a raba sunayensu ba. An kore su daga Roma, suka zauna Korinti suna ɗinkin tanti, suka koma Afisa, ikkilisiya tana taruwa a gidansu, har Bulus ya ce a Romawa 16 dukan ikkilisiyoyin al'ummai suna gode musu. Gida guda ne na mata da miji. Tambayar da zan so ki kai wa angonki ba ta "in ci gaba ko in bari" ba ce. Ki buɗe masa littafin, ki tambaye shi ko akwai wurinsa a gidan da za ku kafa.

Wata Takwas Da Aure ta amsa:

Ni dai kalma ɗaya ce ta sa na shigo: "bayan biki kya ci gaba." 'Yar'uwa, kada ki yarda da wannan. Ni ma haka na ce wa kaina. Bayan biki sai kwasar kaya, sai gaishe-gaishe, sai koyon zama da mutum, sai na wayi gari wata huɗu ban buɗe jerin ƙasashena ba, kuma abin da ya fi ba ni tsoro, ban ma ji kewarsa ba. Ki rage yadda kike so, amma kada ki kai shi sifili ko na kwana ɗaya.

Abin da na koya a makare: lokacin jira ya fi komai yawa a shirin biki. Jiran tela, jiran mai buga kati, jiran fasto ya gama da waɗanda ke gabanku a ajin shawarar aure, zaman mota. Ki rubuta roƙonki uku a 'yar takarda ki saƙala a bayan waya, duk inda kika zauna jira ki juya wayar maimakon ki buɗe ta. Nehemiya tsakanin tambayar sarki da amsarsa ya yi addu'a, ko numfashi biyu ba a yi ba. Sai dai in faɗi gaskiya, kafin wannan ya yi wajen wata huɗu yana kuka da azumi, saboda haka gajeriyar ba ta maye gurbin doguwar, tana riƙe igiya ne kawai kada ta tsinke.

Kuma ki samu ƙawa ɗaya mai baki, ki ba ta maganar kujeru da kati gaba ɗaya, duk mai ƙorafi ki ba shi lambarta. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Amaryar Gobe ta sake rubutawa:

Na gode muku duka. Kwana shida na yi shiru don ina so in yi wani abu kafin in dawo.

Mama, a daren da na karanta naki na rubuta wa rukuni. Sau biyar ina gogewa, don duk wanda na rubuta sai in ga na cika shi da hujja. A ƙarshe layi uku na tura: sau huɗu na sa alama ban yi addu'a ba, ku gafarce ni, daga yanzu har biki minti goma sha biyar nake iyawa, kuma ina neman wanda zai kama mini. Minti arba'in ba wanda ya ce uffan, ina ganin alamar an karanta tana ƙaruwa. Jagoranmu ya ce an gafarta, ya gode da na faɗa. 'Yar'uwar da ke bi mini kuwa ta kira ni, muryarta ba daɗi. Ta ce abin da ya yi mata ciwo shi ne akwai ranar da ita ma jikinta ya ƙi, ta ga alamata ta ce in amarya ta iya tashi ita wace ce, ta tashi. Ban sami abin cewa ba. Duk da haka ita ce ta karɓi Talata da Alhamis ɗina. Har yanzu dai gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Ɗan'uwa Mai Tsaron Dare, na ji haushinka ranar, amma na duba wayar. Ɗaya saura nake ajiye ta, kuma ba gwaggo ba ce, hotunan adon ɗakin biki nake kallo, na mutanen da ban sani ba. Goma dai ta gagara, sha ɗaya nake kwanciya yanzu. Ƙawaye shida suna nan, an riga an yanka yadi, amma na soke canjin kaya na biyu, abin da ya jawo mini doguwar magana a gida. Kujeru na miƙa wa ƙawata, tun ranar ban sake jin labarinsu ba, ban kuma tambaya ba.

Angon na gaya masa duka, har da na daga kwance. Ya yi shiru, ya ce in ba shi littafin. Ya daɗe a shafin Eritiriya, sa'an nan ya tambaye ni wai a Asiya take? Muka buɗe taswira na nuna masa, ga ta a bakin Bahar Maliya, Habasha a kudu, Sudan a yamma, na gaya masa sai a 1993 ta zama ƙasa mai cin gashin kanta. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, biyar na asuba ba zai iya ba ko bayan aure, amma Lahadi da yamma zai iya. Mun yi na farko shekaranjiya ta waya. Addu'arsa gajeriya ce, rabinta ma a kan iyalan fastocin ta ƙare, matansu da 'ya'yan da suka girma ba uba, abin da ni ban taɓa rubutawa cikin roƙona uku ba. Ko don ni yake yi ko don su, ban sani ba tukuna.

Na kuma roƙi fasto a sa addu'a domin al'ummai cikin sujadar ɗaurin auren. Ya yarda, amma ya ce minti biyu, kada in kawo masa jerin ƙasashe talatin.

Saura tambaya ɗaya. Rukuni ya wuce Nepal, gobe za a shiga Laos. In tsallaka in same su, ko in bi waɗanda suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya?

Uwar Biyar ta amsa:

Ki same su a Laos, 'yata. Haiti da Yaman da Nepal ki naɗe kusurwar shafinsu, ku yi su ke da shi a Lahadinku. 'Yar'uwar nan kuma ki ba ta lokaci, kada ki dame ta da ban haƙuri kullum. Zoben fa, an buɗa shi?

Amaryar Gobe ta amsa:

Ba a buɗa ba tukuna Mama, an ce Alhamis.